Me Ya Sa Kwafi Biyu Na “Hamlet” Suka Saɓa Wa Juna?

Wani ɗalibi mai nazarin adabin Turanci ya aiko da tambaya a kan wasan kwaikwayon Hamlet na William Shakespeare. Ya ce kwafi biyu ke hannunsa, ɗaya ya saya, ɗaya ya aro, sai ya tarar a kashi na farko guda yana cewa “too too solid flesh”, ɗayan kuma “too too sullied flesh”. Da ya kai kashi na huɗu sai ya ga wani dogon zancen zuci na Hamlet a cikin guda, amma babu ko alamarsa a ɗayan. Yana son ya san ko ɗaya daga cikinsu jabu ne, kuma wanne ne ainihin abin da marubucin ya rubuta.

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, babu jabu a cikin littattafan nan. Saɓanin da ka ci karo da shi ya girmi maɗaba'un da suka buga su da kusan shekara 400, kuma asalinsa shi ne babu rubutun hannun Shakespeare na wannan wasa da ya iso gare mu, ko da falle ɗaya. Abin da muka gada shi ne bugu uku na farko, na 1603, da na 1604, da na 1623, kuma ukun nan ba su yarda da juna ba a tsawo, da jerin fitowa, da sunayen wasu 'yan wasa, da ɗaruruwan kalmomi. Duk wani Hamlet da ake sayarwa yau, wani edita ne ya zauna da waɗannan uku ya yanke hukunci layi bayan layi. Saboda haka tambayar da za ta fi yi maka amfani ita ce: wane tsohon bugu editan littafina ya bi, kuma da wace hujja?

Kafin a shiga ukun, ya kamata a san yadda littafi ke fitowa a Landan ta wancan zamani. Marubuci yakan sayar da wasansa ga ƙungiyar 'yan wasa, daga nan wasan ya zama mallakinta. Ana kwafe shi da hannu domin amfanin dandali, a rage abin da ya yi tsawo, a ƙara bayanin shiga da fita, sannan a ba kowane ɗan wasa nasa kason kawai ya haddace. Idan rubutun ya isa maɗaba'a, mai jera haruffa ne zai karanta rubutun hannun, ya riƙa tsinto haruffan dalma ɗaya-ɗaya yana jerawa a juye. Ba a tsayar da ƙa'idar rubutun Turanci ba tukuna, don haka kowane ma'aikaci yana da yadda ya saba rubuta kalma, kuma idan aka gano kuskure ana tsakiyar bugawa, akan tsayar da aiki a gyara, amma ba a zubar da fallayen da suka riga suka fita ba domin takarda na da tsada. Charlton Hinman ya ƙera na'urar kwatanta shafuka, ya bi sama da kwafi 50 na kundin 1623 a ɗakin karatun Folger da ke Washington, ya kuma nuna a littafinsa na 1963 cewa kwafe-kwafen bugu ɗaya ma ba su zama daidai da juna ba. Wanda ya taɓa jera kwafe-kwafen hannu na wata tsohuwar waƙar ajami guda ɗaya ya san irin wannan, yadda baiti kan ɓace a wannan ya bayyana a wancan, ba tare da wani ya yi nufin ha'inci ba.

Bugun 1603 da na 1604 ƙananan littattafai ne, irin waɗanda ake ninka babban fallen takarda sau biyu a sami shafi takwas, ana sayar da su kimanin sisi. Na 1623 kuwa babban kundi ne da ake ninka falle sau ɗaya, ya tara wasanni 36, kuma abokan aikin Shakespeare biyu, John Heminges da Henry Condell, su suka haɗa shi shekara bakwai bayan rasuwarsa a 1616. Kuɗinsa ya kai kimanin sule 15 ba bango, fam ɗaya idan an sa masa bango.

Bugun 1604, wanda James Roberts ya buga wa Nicholas Ling, shi ne mafi tsawo, kuma shafinsa na farko yana shelar cewa an faɗaɗa wasan har ya kusa ninka yadda yake a da, bisa ga kwafi na gaskiya cikakke. Wasu kwafinsa suna ɗauke da 1604, wasu 1605. Yawancin masana suna ganin daga takardun marubucin kansa aka jera shi, saboda yana cike da irin ruɗanin da rubutun da ba a tsabtace ba kan haifar. Akwai wani wuri a kashi na farko inda Hamlet ke magana a kan yadda aibi guda ke ɓata duk kyawun halin mutum, sai zancen ya ƙare da wata jimla mai ɗauke da “the dram of eale”, alhali “eale” kalma ce da ba a san ta a Turanci ba. Galibi ana zaton “evil” ake nufi, wato mugunta, amma har yau ba a warware jimlar yadda kowa zai gamsu ba. Kundin 1623 ya fi kusa da dandali. Ya rasa kimanin layuka 230 da ke cikin bugun 1604, yana kuma da sama da layuka 70 da babu su a can. Har alamar doka ana gani a jikinsa: a 1606 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta sa tarar fam 10 ga ɗan wasan da ya ambaci sunan Ubangiji da wasa a dandali, shi ya sa wasu rantse-rantsen da Hamlet ke yi a bugun 1604, irin su “'swounds” da “'sblood”, suka ɓace a wurare da dama na kundin.

Yanzu ga kalmarka. A zancen zucinsa na farko, Hamlet yana fatan naman jikinsa ya narke ya koma raɓa. Kundin 1623 ya ce “solid”, wato nama mai tauri, kuma wannan ya dace da batun narkewa, domin abu mai tauri ne ke narkewa. Bugun 1604 ya ce “sallied”, haka ma na 1603, kalmar da za a iya fassarawa da wanda aka kai wa farmaki. Ita kuwa “sullied”, wato gurɓatacce ko wanda aka ƙazantar, ba ta cikin ko ɗaya daga cikin bugu ukun a wannan layi. Editoci ne suka kawo ta, kuma John Dover Wilson ya kare ta da ƙarfi a 1934. Hujjarsu ba ƙarama ba ce. A salon rubutun hannu na lokacin, harafin “u” da “a” kan yi kama idan marubuci bai rufe kan “a” ba, kuma a kashi na biyu, inda Polonius, mashawarcin sarki, ke koya wa baransa yadda zai ɗan shafa wa ɗansa Laertes baƙin fenti don ya ji sirrinsa, bugun 1604 ya rubuta “sallies” a daidai inda kundin ya rubuta “sulleyes”. Ke nan akwai shaida cewa a wannan bugu “sally” na iya tsayawa a madadin “sully”. A ɗaya ɓangaren, an lura cewa masu jera bugun 1604 sun riƙa leƙa na 1603 a kashi na farko, don haka haɗuwarsu a kan “sallied” ba lallai ta zama shaidu biyu masu zaman kansu ba.

Wannan harafi guda yana sauya mutumin da muke saurare. Hamlet mai “solid” mutum ne da nauyin rayuwa ya ishe shi, yana kukan cewa jiki ya ƙi sakinsa. Hamlet mai “sullied” kuwa yana jin cewa auren da uwarsa ta yi da ƙanin ubansa, ƙasa da wata biyu da mutuwar uban, ya shafa masa dauɗa a jikinsa. Ni a karatuna na fi karkata ga “solid” idan kundin ake bi, domin kalmar tana nan a buge kuma ma'anarta ta tsaya da ƙafarta, kuma ban ga dalilin gyara abin da bai karye ba. Amma ba zan ce wanda ya zaɓi “sullied” ya yi ganganci ba.

Zancen zucin da ka rasa a ɗaya littafin shi ne na kashi na huɗu, fitowa ta huɗu, wanda ya fara da “How all occasions do inform against me”. A bugun 1604 kaɗai yake. Ana tafiya da Hamlet zuwa jirgin da zai kai shi Ingila, sai ya gamu da rundunar Fortinbras, yariman Norwe, tana ratsa Denmak za ta yaƙi Folan. Ya tambayi wani hafsa, hafsan ya ce a kan wani ɗan fili ne da ba shi da wata riba sai suna. Daga nan Hamlet ya tsaya shi kaɗai yana zargin kansa, yana cewa ga mutum dubu ashirin za su mutu a kan ƙasar da ba za ta isa a binne su ba, shi kuwa an kashe ubansa, an ɓata uwarsa, ya bar komai yana barci. A kundin 1623 fitowar ba ta wuce 'yan layuka ba: Fortinbras ya ba hafsansa saƙo, runduna ta wuce, Hamlet bai ma fito ba. Daga wannan za ka iya gane littattafanka da kanka, domin mai “solid” wanda ya rasa zancen nan kundin yake bi, mai “sullied” da ke ɗauke da shi kuma ya dogara ga bugun 1604, ko kuma ya gauraya biyun.

An daɗe ana ɗauka cewa 'yan wasa ne suka datse wannan wuri don rage tsawo, kuma hakan na iya zama gaskiya. Abin da ya sa ni da wasu da dama muke ganin hannun marubuci a ciki shi ne ragin da ƙarin suna tafiya hanya ɗaya. Dubi kashi na biyar, kafin wasan takobi tsakanin Hamlet da Laertes. A bugun 1604 wani bafade ne ke shigowa ya gaya wa Hamlet cewa sarauniya, wato uwarsa, tana so ya yi wa Laertes magana mai daɗi kafin su fara, Hamlet ya ce ta ba shi shawara mai kyau. A kundin babu wannan bafade. A maimakonsa akwai wasu layuka, da babu su a bugun 1604, inda Hamlet da kansa yake gaya wa amininsa Horatio cewa ya yi nadamar yadda ya manta kansa a gaban Laertes, domin a cikin nasa rashin yana ganin hoton rashin Laertes, tunda dukansu an kashe musu uba. A wancan, ban haƙurin umarnin uwa ne. A wannan, daga zuciyarsa ya fito. Mai datse wasa don kawai a tashi da wuri ba ya cire abu a nan ya dasa madadinsa a can da irin wannan kula. Haka kuma maganar nan da ta shahara, cewa Denmak kurkuku ce, a kundin kaɗai take. Wasu suna danganta rashinta a bugun 1604 da cewa matar Sarki James, wanda ya hau gadon Ingila a 1603, 'yar gidan sarautar Denmak ce, sai dai wannan zato ne mai ma'ana, ba a same shi a rubuce ba.

Bugun 1603 shi ne mafi ban mamaki, kuma shi na fi so in daɗe a kansa. Duniya ta manta da shi sarai har 1823, lokacin da Sir Henry Bunbury ya tsinci kwafi a cikin tsofaffin littattafan gidansu. Kwafi biyu kacal aka sani: ɗaya a ɗakin karatun Huntington a Kalifoniya, wanda ya rasa fallen ƙarshe, ɗaya a babban ɗakin karatun Birtaniya, wanda ya rasa shafin take. Layukansa kusan 2,200 ne, wato ɗan fiye da rabin bugun 1604. A cikinsa sunan Polonius shi ne Corambis, baransa Reynaldo kuma Montano. Layin da kowa ya sani, “To be, or not to be, that is the question”, a nan cewa yake “To be, or not to be, ay, there's the point”, kuma zancen yana zuwa tun da wuri, kafin isowar 'yan wasan da Hamlet zai yi amfani da su ya gwada sarki, wato ƙanin ubansa da yake zargi da kashe uban.

Duk lokacin da na ajiye wa ɗalibai hoton shafukan biyu gefe da gefe, dariya ce ke fara zuwa, domin na 1603 yana tuntuɓe, jimlolinsa suna katsewa kafin su isa. Amma idan aka yi haƙuri aka karanta a hankali, sai a ga tunanin ma ya bambanta. A bugun 1604 da kundin, abin da ke hana mutum kashe kansa shi ne fargabar wani abu bayan mutuwa, “the dread of something after death”. A na 1603 kalmar ita ce “hope”, fata, kuma an ambaci tashi a gaban Alƙali madawwami, inda masu rabo za su yi murmushi, la'anannu su halaka. Sarauniyar ma wata ce daban. A sauran biyun ba a taɓa bayyana ƙarara ko ta san an kashe mijinta na farko ba, kuma wannan duhu yana cikin abin da ke riƙe mai kallo. A na 1603 ta rantse da sama cewa ba ta san komai game da kisan ba, ta yi wa ɗanta alkawarin rufa masa asiri da taimakonsa, kuma akwai wata fitowa tsakaninta da Horatio da babu ita a ko'ina. Shekarun Hamlet ma sun motsa: a bugun 1604 mai haƙa kabari ya ce ya kama aiki ranar da aka haifi yarima, shekara talatin ke nan, kuma ƙoƙon kan Yorick, wawan sarki, ya shekara 23 a ƙasa, a na 1603 babu batun talatin, ƙoƙon kuma shekara goma sha biyu ya yi, abin da ke ba da damar a ɗauki Hamlet a matsayin saurayi ɗanye.

Daga ina wannan matani ya fito? Heminges da Condell sun yi ƙorafi a gabatarwar kundinsu cewa an cuci masu karatu a baya da kwafe-kwafen sata, gurgunta, kuma a 1909 Alfred Pollard ya ware wasu ƙananan bugu ya kira su marasa kyau, har da wannan. Bayanin da ya fi karɓuwa a ƙarni na 20, wanda George Duthie ya shimfiɗa a 1941, shi ne wani ɗan wasa ne ya sake gina wasan daga abin da ya haddace. Shaidar tana da ƙarfi: duk inda Marcellus, ɗaya daga cikin masu gadi, yake kan dandali, matanin yana kusan daidai da na 1604, da zarar ya fita kuwa sai ya fara lalacewa, kamar yadda za a zata daga mutumin da ya haddace nasa kason da kyau amma sauran daga bayan fage ya ji su. Wasu kuma suna ganin gajeren tsari ne da aka yi don yawon wasa, tunda shafin takensa ya ce an yi shi a Landan da jami'o'in Cambridge da Oxford da wasu wurare. Akwai kuma masu cewa tsohon zubi ne na Shakespeare kansa, suna kafa hujja da cewa marubuci Thomas Nashe ya ambaci wani wasan Hamlet tun 1589, kuma sarauniyar da ke goyon bayan ɗanta ta fi kusa da labarin Faransanci na Belleforest wanda daga gare shi aka ɗauko zancen. Ni dai hujjar Marcellus ta fi rinjaye a wurina, amma hakan bai rage darajar littafin ba, domin mutumin da ya rubuta shi ya ga wasan da idonsa. Wannan bugu kaɗai ya gaya mana cewa Ophelia, 'yar Polonius, bayan hankalinta ya gushe, ta shigo tana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya, gashinta a sake, tana waƙa; cewa fatalwar uban Hamlet da ta fara bayyana cikin sulke ta dawo ɗakin sarauniya cikin rigar zaman ɗaki; kuma cewa Hamlet ya yi tsalle ya bi Laertes cikin kabarin Ophelia.

Tun daga ƙarni na 18, editoci irin su Nicholas Rowe a 1709 da Lewis Theobald a 1733 suka fara ɗinke bugun 1604 da kundin wuri ɗaya, don kada layi ɗaya na Shakespeare ya salwanta. Niyyar kirki ce, amma abin da ta haifar shi ne wasan da ya fi kowane ɗaya daga cikin ukun tsawo, mai cin kusan awa huɗu a dandali, wanda babu shaidar cewa wani ya taɓa kallonsa a zamanin marubucin. A cikinsa Hamlet yana nadama da kansa, sannan kuma bafade ya zo ya umarce shi da abin da ya riga ya ƙudurta. A 1986 editocin Oxford, Stanley Wells da Gary Taylor, suka buga King Lear a matsayin wasa biyu, na 1608 da na 1623, suka kuma gina Hamlet ɗinsu a kan kundin. A 2006 Ann Thompson da Neil Taylor suka fitar da matani ukun na Hamlet daban-daban a jerin Arden. A ganina wannan ce hanyar da ta fi adalci ga mai karatu.

Abin da za ka yi a aikace shi ne ka buɗe gabatarwar kowane littafi ka nemi inda edita ya yi bayanin matanin da ya bi, sannan ka saba da ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, inda Q1 ke nufin bugun 1603, Q2 na 1604, F kuma kundin 1623. Idan jarrabawa ce a gabanka, ka tsaya a kan bugun da malaminka ya ƙayyade, kuma duk lokacin da ka kawo layi a rubutunka ka faɗi bugun da ka ɗauko shi, domin lambobin layuka ba sa haɗuwa.

Idan kana son gwaji na ƙarshe a kan littattafanka biyu, ka duba mutuwar Hamlet. A bugun 1603 yana cewa idanunsa sun daina gani, harshensa ya daina aiki, ya yi wa Horatio ban kwana, ya roƙi sama ta karɓi ransa. A bugun 1604 kalmominsa na ƙarshe su ne “the rest is silence”, wato abin da ya saura shiru ne. Kundin 1623 yana da wannan layi, sai dai ya bi shi da “O, o, o, o”, sannan ya rubuta cewa ya mutu. Yawancin editoci suna cire haruffan nan huɗu, suna ɗaukarsu nishin da ɗan wasa, wataƙila Richard Burbage wanda ya fara fitowa a matsayin Hamlet, ya saba yi a dandali har ya shiga kwafin ƙungiya. Wasu kuma suna barinsu, ko su mayar da su bayanin cewa ya yi dogon nishi ya cika, domin a kundin da abokan aikinsa suka haɗa haka aka buga.